Na Famfo Ya Naɗe Hannu

A can ƙarshen kwatar yankan shanu, inda daɓen siminti ya gangara ruwa yake bi ya faɗa lambatu, akwai wani dogon kwami da famfo a kansa. Famfon ba ya rufuwa sosai. Ko an murɗe shi har ƙarshe sai ya yi ta ɗiga, kamar tsohon da ya gama kuka amma idonsa bai samu labari ba. A bakin kwamin nan wani mutum ya tsaya tun yana saurayi har furfura ta ci rabin gemunsa, yana wankin kayan ciki. Sunansa na yanka ya daɗe da nutsewa cikin hayaniyar wurin. Na Famfo kowa ke ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma ba ta da tsawon da za ta ɓoye rayuwar mutum.

Ubansa dakon nama yake yi, ya saɓa cinyar saniya a kafaɗa daga kwata zuwa kasuwa, har ranar da bayansa ya ƙi. Sai 'ya'yansa maza biyu suka shiga wurin. Ƙaramin ya kama wuƙa ya zama mai fiɗa, hannunsa da sauri har aka laƙaba masa Kaifi. Babban ba ya son gaggawa, ba ya son surutu, don haka aikin da kowa ke gudu shi ya faɗo masa. In an kayar da saniya an feɗe, sai a turo masa tumbi da hanji a baro suna tururi. Ya tsaga tumbin ya zubar, ya kankare, ya ɗauraye. Hanji kuwa sai ya kafa bakinsa a famfo ruwa ya ratsa, sannan ya juya shi ciki ya koma waje kamar yadda ake juya safa, ya bi shi da babban yatsa a hankali daga wannan baki zuwa wancan. Hannuwansa sun yi fari sun yamutse don zaman ruwa. Akwai wani wari a jikinsu da ba sabulun da ya taɓa cin galabarsa. Matarsa takan ce ko maza ɗari aka jera mata a duhu, hancinta zai kai ta wurin nata.

Ma'aikatan wurin suna da wani abu da suke yi kowace safiya, ba kuma wanda ya san wa ya fara shi. Da an gama fiɗa, kafin a buɗe ciniki, sai a hura gawayi a rabin duro, a yanko kaɗan daga jikin kowace dabba da aka yanka: bakin hanta, ɗan wuya, kitsen ƙoda, abin da ya samu. A gasa har gefe ya yi baƙi, a zube a babban tire da gishiri da barkono, a ci a tsaye. Shi ne karin kumallonsu, sau da yawa shi ne na rana ma. Masu gidajen abinci da masu tebur a kasuwa suna daga gefe suna jira, suna kuma kallo. Abin da suke kallo hannun Na Famfo ne.

Shi ne mutumin da ke fara ganin cikin dabba. Wani lokaci yatsansa kan ci karo da abin da bai kamata ba, ƙulli ko gyambo ko ruɓa. Ga shi mutum mai kunya, ba ya iya duban mai saniya a gaban jama'a ya ce, "Dabbarka ba lafiya." Sai ya zo bakin tire ya tsaya, ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya ƙi ci. Shi ke nan. Shugaban kwata ya gani, ya ja shi gefe, a kira malamin dabbobi ya duba, in abin jefarwa ne a jefar. Ba a taɓa zama aka ce haka za a riƙa yi ba. Shekaru ne suka mayar da abin doka, har masu saye suka haddace: in Na Famfo ya miƙa hannu a kwance bakin jaka, in ya naɗe a dakata. Ba kasafai yake naɗewa ba kuwa, don mutum ne mai ci. Kitsen da ya gasu har ya ƙone, wanda ke ƙaras-ƙaras a haƙori, shi ne abin ƙaunarsa a duniya. Ya ci, ya kora da ruwa, ya kunna sigari, ya koma bakin kwami.

Da yamma ga ƙunshinsa na kason ma'aikaci a hammata. Gidansa ba a kwana ba nama, da wannan yake alfahari, shi da bai mallaki ko keke ba. In matarsa ta yanka ganye a abinci sai ya sa cokali ya ture shi gefen kwano.

"Na yi miki kama da akuya?"

"Wane mutum! Kura dai. Akuya ai tana da kunyar ciki."

Haka suka yi shekaru, 'ya'ya suka girma suka watse, teɓa ta fito masa ta zauna daram a kan ɗamarar wandonsa.

Kaifi ne ya fara. Ya riƙa ganin jini in ya zaga, ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙe-jiƙe. Sai wando ya fara yi masa yawa. Sai wuƙa ta fara yi masa nauyi, shi da ke feɗe sa kafin a gama gaisawa. Lokacin da aka kai shi asibiti aka buɗe cikin, rufewa kawai aka yi. Na Famfo ya yi jinyarsa har ƙarshe, yana juya shi, yana goge shi da hannuwan nan farare. Na ga Kaifi sau ɗaya a kwanakin. Mutumin da muryarsa ke cika kwata ya koma kamar zanin da aka shanya a kan ƙirare.

A barandar asibitin ne likitan ya tare Na Famfo.

"Kai ne wansa?"

"Ni ne."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Ciki ɗaya, nono ɗaya."

"To in hankali ya kwanta ka dawo mu duba ka. Ciwon nan ba rana ɗaya yake zuwa ba. Ɗan tsiro ne ke fitowa a bangon uwar hanji, ba zafi, ba alama, ya yi shekaru a zaune. Yawancinsu ba sa zama komai. Wasu kuwa sukan rikiɗe su zama abin da ya kwantar da ƙaninka. In an gan shi da wuri tsinke shi ake yi. Kuma yakan bi jini."

Bai so komawa ba. Ya ji yadda ake dubawar, ya ji ta inda ake zura na'urar, ya ce shi da girmansa gara ya mutu da mutuncinsa. Matarsa ba ta yi masa gardama ba. Kullum dai in ya zauna cin abinci sai ta ajiye kofin ruwa kusa da shi ta ce, "Ga na shafa wa gemu." Ya san maganar da take nufi, ta wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta. Da ya gaji da kofin, ya je.

An ba shi maganin wankin ciki ya wuni yana zarya zuwa bayan gida. Washegari aka kwantar da shi aka yi masa allura, ya farka ya tarar an gama. Likitan ya juyo masa da allon na'ura. Mutumin da ya juya hanjin dubban shanu, ranar ya fara ganin nasa. Wata doguwar hanya ce ja-ja mai sheƙi, mai lanƙwasa, tsaf da ita kamar shi ya wanke. A jikin bangonta ga wasu 'yan abubuwa sun tsiro, ɗaya har da siririn wuya kamar naman kaza. Babban yatsansa ya motsa a kan cinyarsa shi kaɗai.

"Mun cire su," in ji likitan. "Mun riga su, insha Allahu. Sai dai ƙasar da ta fitar da ciyawa sau ɗaya tana iya sake fitarwa. Me kake ci da safe?"

"Nama."

"Da rana fa?"

"Abin da ya rage na safe."

"Da dare?"

"Likita, kar ka wahalar da bakinka," in ji matar daga kujerar gefe. "Ko a mafarki nama yake ci, ina jin haƙoransa."

Likitan ya yi murmushi kaɗan, sannan ya gyara zama. Ya ce bai haramta masa ba, amma jan nama ya koma na jefi-jefi, kaɗan, dafaffe, ba wanda wuta ta ƙona ba. Na gwangwani da wanda aka kyafe aka cika wa gishiri, ya yi musu sallama. Ya kama wake, ya kama ganye da kabeji da karas da kabewa, hatsi kuma wanda ba a surfe an raba shi da dusarsa ba.

"Dusar nan da kuke zuba wa dabbobi," in ji shi, "irinta ce ke sa hanji ya tura abin da ke cikinsa ya wuce da wuri, maimakon ya zauna yana gogar bango. Kayan marmari kullum, ko ayaba ce ko lemo. Kifi ba laifi, nono ma in cikinka na karɓa. Ka sha ruwa sosai. Sigari ka yar da ita, teɓar nan kuma ka rage ta da tafiya. Ba zan rantse maka cewa in ka yi haka ba za su dawo ba. Amma ka hana su taki."

"Likita, a kwata fa nake aiki."

"To ai mai sayar da fetur ba shan sa yake yi ba."

Na Famfo ya tashi suka fito, bai yi masa maganar tire ba.

Ranar da ya koma aiki matarsa ta riga shi tashi. Ta miƙa masa ƙaramar kula, wake ne da ganye da ɗan kifi, ga ayaba a leda. Ya kai ta bayan kwami ya rufe da buhu kamar kayan sata. Aka gama fiɗa, hayaƙi ya tashi, ƙamshin nan da ya san shi tun kafin ya san mace ya zo ya same shi har inda yake. Shugaba ya ƙwala masa kira. Ya zo ya tsaya a wurinsa na kullum. Yawu ya cika masa baki. Don kada hannunsa ya tafi ba da izininsa ba, sai ya naɗe shi a ƙirji.

Wurin ya yi tsit. Akwai wata Hajiya mai gidan abinci da ta fi kowa sayen kayan ciki, mace mai jiki da murya. Ta maida jakarta hammata. Sauran suka yi koyi da ita. Shugaba, wanda tare suka taso a wurin, ya ja shi bayan ginshiƙi.

"Wacce ce a cikin shanun?"

"Ba ko ɗaya."

"To me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Cikina ne ba ya so yau."

Shugaba bai yarda ba, ya zaci kunyar nan ce tasa. Aka kira malamin dabbobi ya bi naman ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba. Kafin ya gama rana ta ɗaga, ƙuda ya taru, rabin masu saye sun tafi wani wuri. Masu shanu suka sallama kayansu a wulaƙance, suna hararar mutumin da ke can bakin famfo ya juya musu baya, yana tura wake a baki da sauri kamar mai shan magani.

Washegari ya yi dabara. Ya zaɓi tsoka ɗaya ƙarama marar ƙuna, ya tauna ta a hankali, ya goge hannu.

"Ɗaya?" in ji Hajiya, ba ta ko rage murya ba. "Mutumin da in ya fara sai an janye tiren? Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Baba, in akwai abu ka faɗa mana, mu mutane muke ciyarwa."

"Wallahi Hajiya ba komai."

"To ci mana mu gani."

Sai ya koma wata dabarar. Ya riƙa ɗiba da yawa, ya kai hannu baki, ya motsa haɓa, sannan ya sulale naman cikin aljihun rigar aikinsa. Abin ya yi 'yan kwanaki yana tafiya. Wata kyanwa ce ta kwata ta tona shi. Ta bi shi tana kuka, ta miƙe da ƙafa biyu ta saƙala farce a aljihun, naman ya zubo a gaban kowa. Mai fiɗar da ya gaji wurin Kaifi, wani mai baki kamar reza, ya tafa hannu.

"Na Famfo ya buɗe banki a aljihu! Ina ake karɓar riba?"

Shi ne kuma ya bankaɗo buhun bayan kwami, ya ɗago kular sama yana shinshina.

"Ku zo ku ga ikon Allah! Kura ta tuba ta koma kiwo. Baba, gobe in kawo maka harawa ko dusa ta ishe ka?"

Ma'aikata suka yi dariya. Masu saye ba su yi ba. A wurinsu magana ta fito fili: mutumin da ya fi kowa sanin cikin dabbobin nan yana yaudararsu don kada ya haɗiye naman.

Daga nan ya yi wasu kwanaki yana ci kamar da. Ya ci kitsen, ya ci mai ƙunar, ciniki ya dawo, Shugaba ya dafa kafaɗarsa. Ya riƙa juye waken a lambatu kafin ya taho, ya kawo kular a wanke. Amma ba a ɓoye wa matar mahauci ƙaurin gasasshen nama. Wata yamma ina zaune ta wajena na ji ta karɓi kular, ta buɗe.

"Yau ma ka cinye tas?"

"Na cinye."

"Har ka wanke min. Sannu da ƙoƙari." Ta ajiye ta a ƙasa. "Ɗazu matar Kaifi ta shigo aron rariya. Na ce ta zauna, ta zauna a bakin ƙofa kamar mai jiran a kore ta. Har yanzu in ta dafa abinci kwano biyu take zubawa, sai ta tuna ta juye ɗaya. Maigida, in tiren can ya fi maka mu, ka faɗa min tun yanzu in fara koyon zuba kwano ɗaya. Kar abin ya zo min a ba-zata irin nata."

Na ji ya ja kujera, na ji ƙarar ashana, sannan na ga sigarin ta tsallako katanga ta faɗo gabana ba a ko zuƙe ta ba.

Da safe ya sami Shugaba ya faɗa masa komai, har ta inda aka zura na'urar, yana magana yana kallon ƙasa. Shugaba ya riƙe baki.

"Haba ɗan'uwa! Shi ne ka bar mu cikin duhu? Ai sai ka faɗa wa mutane kowa ya huta."

Ya faɗa musu a bakin tire, da muryar da ba ta saba da taro ba. Ya ce an sami tsiro a hanjinsa an cire, likita ya ce ya rage nama, shi ya sa.

"Tsiro a hanji?" in ji Hajiya. "Irin na marigayi?"

"Bai kai can ba. An cire."

"Daga jikin shanun kuka ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Hajiya. Likita ya ce ba ya yaɗuwa. Cima ce, da jini."

Wannan ƙarshen ba wanda ya tafi da shi gida. Magana in ta fita ƙofar kwata ƙiba take yi a hanya. Kafin ta isa kasuwa ta zama mai wankin hanji hanjinsa ya ruɓe, kafin ta isa unguwarmu ta zama ciwon da ya kashe ƙanin ya kama wan, kuma da hannun nan yake taɓa abin da mutane za su ci. Aka fara tambaya a tebur, wannan tumbin wa ya wanke?

Shugaba ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce to daga yau Na Famfo ya riƙa faɗa da baki. Aka gwada. Bayan fiɗa sai ya tsaya ya ce, "Na duba, lafiya lau." Ba wanda ya ƙaryata shi, ba kuma wanda ya kwance jaka da sauri. Wani tsoho mai tebur, wanda ba ya ƙinsa ko kaɗan, shi ya faɗa masa gaskiya.

"Ba wai mun ce kana ƙarya ba. Amma baki me ya yi asara in ya ce lafiya lau? Da can cikinka kake jinginar mana. In naman nan zai kashe wani, kai zai fara kashewa. Shi muke saye, ba naman kaɗai ba."

Masu shanu suka taru suka sami Shugaba. Shi kuma ya jira har aka watse, ya zo bakin kwami ya tsaya yana wasa da ruwa da ƙafarsa.

"Sun ce ko ka ci, ko ka ba wani wuri. Na yi musu magiya, wallahi na yi. Ka ci mana ko rabin na da ne. Rai ai na Allah ne."

"Kaifi ma haka yake cewa."

"To ya kake so in yi?"

Na Famfo ya gama juya hanjin da ke hannunsa, ya bi shi da yatsa har ƙarshe, ya ɗauraye, ya naɗe shi a bokiti yadda ya saba. Ya cire rigar aikin ya rataye a ƙusa. Ya ɗauki kularsa.

Babban ɗansa, direban motar haya, ya samo masa gadin wata makaranta da rana. Aikin zama ne a kan benci, a buɗe ƙofa a rufe. Yakan tafi a ƙasa ya dawo a ƙasa, ta doguwar hanya, don likita ya ce tafiya. Teɓar ta sauka. Tarin safe ya bar shi. Ya koyi cin ganye ba tare da ya ture shi ba, ya koyi bambanta wake sabo da tsoho, har yakan taya matarsa tsince tsakuwa a faranti. Ta iya girkin sosai, tana canza masa, yau da kabewa, gobe da kifi, jibi gero da dusarsa. Yana ci yana cewa an gode. Ban taɓa jin ya ce da daɗi ba, ban kuma taɓa jin ya ce babu ba.

Hannuwansa suka bushe, launinsu ya dawo, yamutsewar ta baje. Wata rana matar ta kama hannun ta kai hancinta, ta daɗe, sannan ta sake shi.

"Ya tafi," ta ce.

"Ai kin huta."

"Na huta," ta ce, ta tashi ta shiga ɗaki.

Maganarsa, da ma ba yawa gare ta ba, ta ƙara raguwa. Da asuba yakan farka a lokacin da ya saba, ya yi salla, ya zauna a tsakar gida ba abin yi, yana sauraren motocin shanu suna wucewa ta babban titi. Mutum yakan yi zaton aiki wahala ne da ake ɗauka don a ci abinci. Sai an sauke masa ya gane shi ne ke riƙe da ƙashin bayansa.

Bayan wasu shekaru lokacin da likita ya ɗibar masa ya cika. Aka sake wankin ciki, aka sake allura. Likitan, wanda shi ma furfura ta fara taɓa shi, ya juyo da allon yana fara'a. Hanyar nan ja-ja ta miƙe tas, ba ko ɗigo a bangonta.

"Ka ga abin da nake faɗa maka? Da kowa zai ji magana irinka da mun huta. Ka ci gaba a haka, Baba, kana da sauran shekaru."

Matar ta yi ta hamdala har bakin titi, ta kira 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa labarin ya tsaya masa a ƙirji, akwai inda yake so ya kai shi. Washegari da sassafe ya sa rigarsa mai kyau ya nufi kwata.

Ya tarar an gama fiɗa, hayaƙi na tashi. Mai bakin reza ne ya fara hango shi.

"Lale, lale! Baba ne da kansa! Kai, ka koma saurayi. A kawo wa Baba kujera!"

Aka kawo kujera aka goge. Duk shekarunsa a wurin bai taɓa ganin ma'aikaci ya zauna ba, masu ziyara ake ba kujera. Ya zauna a bakinta. Shugaba ya zo ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"An sake duba ni jiya," in ji Na Famfo. "Ba a ga komai ba. Tas."

"Masha Allah! Allah Ya ƙara lafiya. Wallahi na ji daɗi." Da gaske yake kuma. Sai wani mai shanu ya kira shi a kan wata cinya, ya ce yana zuwa, ya tafi.

Aka zube nama a tire. Daga bakin kwami wani ƙato ya taho yana yarfe ruwa, mutum mai ƙarfi a tsakiyar shekarunsa, teɓa ta fara turo masa riga. Ya sa hannu biyu. Kitsen da ya ƙone yake zaɓa, yana ci yana lumshe ido. Hajiya, ta ƙara tsufa yanzu har da sanda, ta kalle shi ta kwance bakin jaka. Na Famfo ya daɗe yana duban mutumin. Akwai maganar da ta zo masa har maƙogwaro, ta wake da ganye da ɗan tsiron da ba ya zafi. Amma ya san abin da maganar za ta ja wa mutumin in ya ji ta, ya kuma san abin da zai rasa in bai ji ba. Yana cikin auna su ƙaton ya juyo, bakinsa na maiƙo.

"Baba, bismillah mana. Ko har yanzu an hana?"

"An ce jefi-jefi ba laifi."

Ya tashi ya matsa. Ya miƙa hannu a hankali, ya ɗauki tsoka ƙarama, ya kai baki. Ya ɗaga kai ya dubi masu saye. Wannan na taya cinya, wancan na ɗaga huhu yana dubawa, Hajiya na faɗa da mai baro. Ba wanda ya ga ya ci.

Na gan shi da ya dawo, rana ta ɗaga, yana tafe a gefen inuwa da rigarsa mai kyau. Na ce masa na ji labari mai daɗi, na yi masa barka.

"Na gode, Malam," ya ce. Ya tsaya a ƙofar gidansa yana goge takalmi a dakali, ya daɗe yana gogewa. "Likita ya ce zan daɗe."